Faffaɗan Bututun Zakariya'u

Idan aiki zai rage wa mota ƙarfi amma ya ƙara wa mai ita, gyara ne ko ɓarna? Shekara talatin ina walda a Sabon Gari, har yau ban san amsa ba.

Abokina Zakariya'u yana ɗauko zogale daga Jiratawa da 'yar motarsa. Wata safiya ya shigo da faffaɗan bututun salansa na babbar mota a kafaɗa.

"Ilyasu, liƙa min wannan."

"Kai tsoho, rakiyar ango za ka? Injinka ƙarami ne. In bututu ya yi faɗi, hayaƙi ba ya fita da gudu, mota sai ta yi sanyin tashi. Da kaya a cikin rairayi za ka gane."

"Mi ka ce?"

"Na ce ba ni yi!"

Ya yi dariya, ya ce dama tun muna samari ni malamin wa'azin ƙarfe ne. Ya jingine bututun ya tafi.

Ranar Laraba ya rage min hanya zuwa Tibiri. Muna fita gari na ji inji yana kuka a giya ta biyu, kamar zai tsage, shi kuwa yana ta ba ni labarin jikarsa Tahira. Sai da sitiyari ya fara rawa a hannunsa ya canza. Haka ya yi sau uku. Zakariya'u da kunne ya koyi tuƙi, bai taɓa duban allurar gudun inji ba.

Na yi magana a hankali. Bai juyo ba.

Da muka tsaya na ɗaga murya. "Tun yaushe?"

Ya daɗe yana goge gilashi. "Tun damina. Ham ɗin mota ina ji, kiran salla ina ji. Muryar injin ce ta ɓace min. In 'ya'yana suka sani, za su karɓe makulli, in koma zaman tabarma."

Na kwana biyu ina juya abin. Motar za ta yi nauyin tashi, ta ƙara shan mai. Amma tuƙin da yake yi yanzu zai kashe injin kafin azumi. Faffaɗan bututu kuwa zai ɗaga muryar injin har ya ji ta, ya san lokacin canza giya.

Na sa shi ya yi alkawarin zuwa a duba kunnen, ya kuma rage buhu biyu a kowane lodi. Ya ce buhu ɗaya. Muka tsaya a ɗaya da rabi, muna dariya.

Ya zauna a benci yana shan shayi. Na jawo bututun, na shiga ƙarƙashin motar, na kunna wuta.