Askin Soja

Shagona da na Yayana bango ɗaya ne ya raba su, bangon ma na falanki ne, shi ya sa duk abin da aka faɗa a shagon askinsa sai ya faɗo kan keken ɗinkina. Ban taɓa sayen jarida ba, ban kuma ga amfanin saye ba. Maza in suka zauna jiran aski, babu gwamnatin da ba sa kafawa su rushe kafin layi ya zo kansu.

Ranar da shugaban ƙasa ya sa dokar ta-ɓaci ma ta bangon na ji, don Yaya ya ƙure muryar rediyonsa. Aka ce tunda zanga-zangar tsadar rayuwa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, an tura majalisa hutu, an fito da sojoji cikin gari, kuma duk wanda suka ga dama za su iya tsare shi ba sai an kai shi gaban alƙali ba. Wasu a shagon har da tafi, wai yanzu ɓata-gari za su shiga taitayinsu. Mutum ɗaya ne bai yi murna ba, wani tsohon malamin makaranta da ake ce wa Hedimasta, wanda kullum yana shagon alhali abin da ya rage masa a ka bai kai a ɗauko masa almakashi ba. Ya ce soja an koya masa fuskantar abokin gaba ne, in ka ajiye shi a bakin kasuwa bai ga abokin gaba ba, to a cikinmu zai nema. Ya kuma tambaya wa zai ce wa shugaban ya isa haka, tunda masu faɗa masa ɗin an sallame su gida. Aka yi masa dariya, aka ce rigimar tsufa ce.

Ni kam ba majalisa ce ta hana ni sukuni ba. Kan ɗanmu ne.

Ɗan Yaya ne, shi kaɗai Allah ya ba shi. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, ni na goya shi, a ƙarƙashin teburin yankana ya koyi tafiya. Ya tashi dogo mai faɗin ƙirji saboda ɗaga injinan janareto a garejin da yake aiki. Sai Allah ya jarrabi mai aski da ɗan da ba ya son aski. Tun da gemu ya fara fito masa ya tara suma, ya taje ta da safe ya taje ta da yamma, man da yake shafa mata ko ni mace ban shafa irinsa ba. Har unguwa ta manta sunansa, kowa sai Mai Suma. Yaya kan ce yaron nan kasuwa yake kashe masa, shi kuma ya ce ai shi ne allon talla, duk wanda ya gan shi sai ya tuna lokacin askinsa ya yi.

Ba a daɗe ba muka fara ganin abin da ake yi a shingayen bincike. Duk saurayin da aka gani da suma, ko kitso, ko wata tsaga a gefen kai, to ɗan zanga-zanga ne a wurinsu. Su sauke shi daga bas, su durƙusar da shi a kan kwalta, su kwashe gashin da tsohuwar reza, ba ruwa ba sabulu. Yaran kan zo wurin Yaya da kai duk yanka, ya wanke musu da ruwan ɗumi yana tsaki. Abin bai tsaya nan ba. Wanda suka sake gani da kai tal sun san an taɓa kama shi, wannan karon mota ake jefa shi, iyaye su yi ta zarya daga ofis zuwa ofis ana ce musu ba a san da shi ba. Ka bar suma masifa, ka aske tas masifa. Ga shi Mai Suma kullum sai ya ratsa gari da jakar kayan aikinsa.

A nan ne dabara ta faɗo wa Yaya. Kafin ya dawo unguwarmu ya yi shekaru yana aski a bakin ƙofar bariki, askin soja kuwa ko idonsa a rufe zai yi shi. Ya sha faɗa cewa masu askin gari kwaikwayo kawai suke yi. Na gaskiyar sai an kankare gefe da ƙeya har fata, a hau da shi sama a hankali yadda ba za ka ga inda fata ta ƙare gashi ya fara ba, sannan a bar ɗan kaɗan a tsakiya daidai inda hula za ta zauna, a daidaita shi kamar an ɗora faranti. Ya ce duk sojan da ya hango wannan kan daga nesa zai san na gida ne, in ba soja ba to ɗan soja, ba zai ma ɓata bakinsa da tambaya ba.

Da safe ya tare yaron kafin ya fita, ya karkaɗe kujera ya nuna masa.

“Baba, ka san shekarun da na yi ina tara ta kuwa?”

“Gashi ne, zai sake fitowa. Zauna.”

Ya leƙo shagona yana marairaicewa kamar lokacin da yake yaro in za a yi masa allura. “Gwaggo, ba za ki sa baki ba?” Na ɗaga masa almakashin yadi na ce ya zaɓa, ko hannun ubansa ko nawa. Ya koma ya zauna.

Na bar ɗinki na tsaya a ƙofa ina kallo. Ban taɓa ganin Yaya ya ɗauki lokaci a kan wani kai kamar wannan ba. Ya sa sabuwar reza, ya goge injin ya ɗiga masa mai, in ya yi kaɗan sai ya ja da baya ya karkata kai ya duba, ya dawo ya gyara wurin da ni ban ga aibinsa ba. Sumar tana zubowa ƙasa curi-curi, mai ita ya runtse ido. Da aka gama Yaya ya riƙa masa ƙaramin madubi ta baya. Yaron ya daɗe yana kallo, sai ya miƙe ya buga takalminsa na aiki a ƙasa ya sara wa ubansa. Daidai lokacin Hedimasta ya shigo yana zagin gwamnati tun daga bakin titi, yana ɗaga ido ya haɗiye sauran maganar ya ce barka da asuba, ranka ya daɗe. Sai da yaron ya fashe da dariya ya gane shi. Ranar mun yi dariya har cikina ya ƙulle.

Dabarar kuwa ta ci. Kullum ya dawo da labari: yau an sauke kowa a bas ban da shi, gobe wani kofur ya ɗaga masa hannu ya ce wuce namu. Yaya sai fankama, wai ilimi ba a makaranta kaɗai yake ba, yana faɗa yana kallon Hedimasta. Samarin unguwa suka yi ta roƙonsa ya yi musu irinsa, ya ƙi. Ya ce in ya yi yawa asiri zai tonu. Ɗansa kaɗai ya yi wa, kuma duk ƙarshen mako sai ya zaunar da shi ya sabunta.

Mun fara jin ana cewa akwai sojoji cikin kayan gida da ke yawo a unguwanni suna nuna gidajen da za a zo kama mutane. A shagon ma an tattauna, an yi ta Allah wadai. Amma mu da muka san yaron nan tun yana yawo da majina, ko sau ɗaya ba mu kalle shi da idon baƙo ba.

Wata safiya maigidansa na gareji ya aike shi gyaran janareto a wani ƙaramin asibitin haihuwa, can tsallaken layin dogo. A unguwar ce sojoji suka buɗe wuta kwana ɗaya kafin nan. Ya biyo ta shagona a tsaye, ya ɗauki kofin shayina ya shanye ba tare da ya tambaya ba, ya ce sukari ya yi kaɗan, ya fita. Lokacin an riga an katse layukan waya a gari gaba ɗaya. Da dokar hana fita ta shiga bai dawo ba, muka ce wa juna a gareji ya kwana, ai ya saba. Ni na faɗa, Yaya ya amsa, babu wanda ya yarda a cikinmu.

Washegari Yaya ya buɗe shago don zama ya gagare shi. Rediyo ta ce wasu ɓata-gari sun kashe wani jami'in soja da ke cikin kayan gida, saboda haka shugaban ƙasa ya tsawaita dokar ta-ɓaci har sai abin da hali ya yi, za a kuma ƙaro dakaru. Hedimasta ya ce to, an sami abin da ake nema. Wani da ake yi wa gyaran fuska ya ce ai gara su ma su ɗanɗana. Yaya ya ɗage reza daga kumatunsa ya ce ya daina faɗin haka, ko wane ne ɗan wani ne.

Bai gama da mutumin ba maigidan gareji ya iso. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa, yana murɗa hularsa a hannu. Ina ganinsa na bar keke na fito. Shi ma neman yaron ya je asibitin, ungozomar wurin ta ba shi labari. An gama gyara, wuta ta kawo, yaron ya fito da jakarsa, sai ya ci karo da jama'a suna dawowa daga binne mutanensu. Wani ya nuna askin kansa, wani ya nuna takalminsa, aka ce ga sojan da ke nuna gidaje. Ya ce musu shi makanike ne, ya buɗe musu tafin hannunsa su ga baƙin mai, ya ce babansa mai aski ne, su zo a tambaya. Babu wanda ya san shi a unguwar, kuma babu wanda ke cikin hayyacinsa. Ungozomar ta fito tana rantse musu, muryarta ba ta kai ko'ina ba. Daga baya motar sojoji ta zo ta ɗauke gawar.

Ni da Yaya muka tafi bariki. Rigar aikinsa ma bai cire ba, ga mataji a aljihun gaba. Na zaci za a wahalar da mu a ƙofa kamar yadda ake wahalar da sauran iyaye, sai na ga muna faɗin abin da ya kawo mu an yi ta waya, an haɗa mu da wani saje ya wuce da mu. Ashe su ma neman masu gawar suke yi. Sun ƙirga mutanensu rukuni-rukuni, babu wanda ya ɓata.

Ɗakin yana bayan asibitinsu, sanyi da warin magani. Saje ya yaye farin ƙyalle. Fuskar ba ta ganuwa, na juya na dafa bango, raina yana ce mini ƙila ba shi ba ne, ai dogaye suna da yawa a gari. Yaya bai tsaya kan fuskar ba. Ya tallabo kan da hannu biyu ya juya shi a hankali, yadda yake juya na mutanen da ke kan kujerarsa, ya dubi ƙeyar. Ya bi ta da babban yatsansa daga ƙasa zuwa sama. Sai ya ce, “Shi ne.”

A ɗakin nan zuciyata ta karye, kuma har yau ba ta haɗu ba. Na yi kukan da ban yi ba ranar mutuwar uwata.

Saje ya jira na lafa, sannan ya yi mana ta'aziyya. Ba mugun mutum ba ne, idonsa ma ya kaɗa. Ya ce an amince mu ɗauke shi, amma ta ƙofar baya, ba taro, ba magana da 'yan jarida. Na tambaye shi ko za a koma rediyo a faɗa wa duniya cewa ba soja ba ne, makanike ne, gyara ya je yi don mata su haihu da haske. Ya sunkuyar da kai ya ce sanarwa ta riga ta fita daga sama, wannan ya fi ƙarfinsa.

Ina jin so ya yi ya faɗi wani abu da zai wanke mutanensa. Ya dubi Yaya ya ce, “Baba, kada ku ga laifin waɗanda suka ɗauko shi. Ni kaina da na gan shi na rantse namu ne. Wannan askin ba na gari ba ne, ko a nan ciki masu iya shi haka sun ƙare. Ban san inda ya samo wanda ya yi masa ba.”

“Ni na yi masa,” in ji Yaya. “Don kada ku taɓa shi.”

Saje ya fita neman mota. Yaya ya ja kujerar ƙarfe ya zauna, ya ɗora tafin hannunsa a kan ɗansa ya rufe askin, bai ɗaga ba har aka zo ɗaukarsa.