Masussukar Tungar Talha

Hajo ta jingine taɓarya a kafaɗa ta sake duban hanya. Babu mota, babu alamarta. Rana ta kusa take tsaka, kuma a ƙa'ida da yanzu masussukar Tungar Talha ta daɗe da watsewa, an kife turame, kowace mace tana gida tana fama da tukunya. Yau kuwa mata ashirin da 'yan kai ne a filin, kuma Hajo ta rantse babu wadda za ta motsa.

"Hajo, hatsina ya ƙare," in ji Basira maƙwabciyarta, tana karkaɗe faifai. "Mi za ni sussuka kuma? Ƙasa?"

"Koma ki ɗauko wani dami."

"Malam bai ce a buɗe rumbu ba."

"To ki ce mashi gwamnati ta ce a buɗe."

Basira ta tafi tana gunaguni, amma ta tafi. Ba a cika gardama da Hajo ba idan taɓarya tana hannunta.

Abin ya samo asali ne wata biyu baya. An umarci ƙaramar hukuma ta nemo filin da za a gina gidaje ashirin na malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. Sai aka turo Abdulrauf safiyo, mai awon filaye, a kan babur, da igiyar awo da turakun siminti masu jan kai. Ya iso bayan azahar, ya zaga gari, ya tarar da wani fili a yamma da gidaje, shimfiɗaɗɗe, ƙasarsa da tauri, a share tas kamar an san da zuwansa. Ya tambayi Maigari filin wa ne. Maigari ya ce ba na kowa ba ne. Ya ce wa ke aiki a cikinsa. Maigari ya ce, "Ba kowa, sai mata." Abdulrauf ya duba fom ɗinsa. Fom ya tambayi gona, ya tambayi gini, ya tambayi rijiya da maƙabarta, bai tambayi turmi ba. Sai ya rubuta cewa fili ne da babu kowa, ya kafa turakunsa, ya sha furar Maigari ya koma.

Babu wanda ya yi da mugun nufi, wannan ne ma ya fi ba Hajo haushi. Da mugunta ce da ta san wanda za ta zaga.

Maza suna ganin ko'ina ma a iya yin sussuka. Ba su taɓa tambayar dalilin da ya sa kakanni suka zaɓi nan ba. Iska tana fitowa daga gabas, ta ratsa gari, ta zo ta kwashe ƙaiƙayi ta yi burtali da shi, inda shanun Fulani ke lashe abinsu. A matsa gabas, ƙaiƙayi ya cika wa mutane ɗaki. A matsa kudu gonakin mutane ne, arewa kuma yashi ne da turmi zai nutse a cikinsa. Sauran mata idan aka ƙwace filin wahala ce za ta ƙaru musu. Ita Hajo abincinta ne. Tun da mijinta ya rasu aka raba gona ta tashi da abin da bai fi shimfiɗar tabarma goma ba, sussukar mutane take yi. Gidajen da matansu ba sa fita, da waɗanda matansu ke ganin sun fi ƙarfin taɓarya, su ke aiko mata da damma, a kowane dami a auna mata rabonta na tsaba. Da shi take ci, ita da jikokinta biyu.

Da ta ritsa Abdulrauf a kasuwar Isa, sai da ya ɓuya a bayan mai rake, amma ta zaƙulo shi. Shi ne ya gaya mata cewa ba a fara gini sai an turo wani daga Sakkwato ya gani da idonsa ko da gaske filin babu kowa. Idan aka tarar ana amfani da shi, an fasa. Ya ce ranar Talata ne, ƙarfe goma na safe.

Hajo ta san ƙarfe goman gwamnati. Mata suna fitowa da asuba su watse da hantsi, gwamnati kuwa ba ta fitowa sai mata sun koma gida, shi ya sa ba su taɓa haɗuwa ba. Don haka ta bi gida gida ta ce ranar Talata sussuka ba ta ƙarewa sai baƙo ya zo ya gani, ko da zai kai magariba.

Azahar ta yi. Aka riƙa yin salla kashi kashi don kada turame su yi shiru. Hafiza mai nono, wadda ta biyo daga ruga don ta ga abin da ke faruwa, ta sayar da nonon ƙwaryarta kaf ba ta shiga gari ba, ta zauna tana ba da shawarar da ba wanda ya nema. Maza suka fara leƙowa ɗaya ɗaya suna tambayar abincin rana. Hajo ta ce wa na farko ya je ya ci turakun siminti, tun da da bakinsu aka kafa su. Sauran ba su ƙaraso ba.

Can sai ga Maigari da babbar riga, an biyo shi da kujera. Shekararsa sittin a garin, amma bai san inda ake zama a masussuka ba. Ya sa aka ajiye masa kujera a inuwar marken da ke yamma, daidai inda iska ke zubar da kayanta. Babu macen da ta ce masa uffan. Basira ma, da ta dawo da dami a ka, sai ta zaɓi wannan gefen ta fara shiƙa. Kafin a jima Maigari yana susa ta cikin riga da hannu biyu yana ƙoƙarin riƙe girmansa.

Hatsin da aka saba sussukewa a mako uku aka sussuke a ranar. Lugude ya mutu, waƙa ta mutu, sai ƙarar taɓarya a hankali da nishi. Tafin hannun Hajo, da take alfahari ya fi ƙafar wasu tauri, ya tsage a wuri biyu. Ta yage bakin tsohon zane ta ɗaure. Tsoro ya fara shigarta, don ta ga mata sun fara satar kallon hanyar gida, kuma ta san idan ɗaya ta tafi shi ke nan.

Ana gab da la'asar mota ta ɓullo, Abdulrauf yana gaba a kan babur yana nuna hanya.

"Ku tashi!" Hajo ta daka tsawa. "Wadda duk tab bari taɓaryarta ta kwanta, ni da ita!"

Kowa yana jiran ya ga wani mai tumbi da doguwar hula. Sai wata mata ta fito, ba ta wuce arba'in ba, da tabarau da takalmi maras tsini, fayil a hammata. Abdulrauf ya ce sunanta Hajiya Nusaiba, ita ce mai duba filayen da ƙananan hukumomi suka zaɓa. Ta gaida Maigari, ta ba da haƙurin makara, ta ce filaye biyu ta tsaya dubawa ta wajen Sabon Birni. Daga nan ba ta sake bin ta kan maza ba. Ta bi turakun nan ɗaya bayan ɗaya, ta ƙirga turame, ta buga ƙasa da dunduniya, ta ɗebi ƙaiƙayi ta saka a iska ta ga inda ya nufa.

"Malam Abdulrauf," in ji ta, "wanga shi na hilin da ba kowa?"

Abdulrauf ya sosa ƙeya. "Hajiya, randa niz zo wallahi ko akuya babu."

"Ƙarhe nawa kaz zo?"

"Wajen biyu da rabi."

Maigari ya ga ya kamata ya taimaki yaron. "Ai Hajiya ba wani aiki na akai nan ba. Mata na kawai."

"To, ranka shi daɗe," in ji ta, "tuwon da za ka ci yau, daga wane ohis za shi hito?"

Hafiza mai nono ta yi dariya har da buga ƙwarya. Maigari ya ci gaba da susa.

Hajiya Nusaiba ta zo wurin Hajo, ta ce, "Inna, ara man in gwada." Ta ajiye fayil ta karɓi taɓarya. Ta buga sau shida, na bakwai ya sami bakin turmi, zangarniya ta watse. Ta miƙa taɓarya tana yarfe hannu, sai idonta ya faɗa kan tsumman da ke hannun Hajo. Ta kama hannun ta juya shi, ta daɗe tana kallo.

"Tun yaushe kuke nan, Inna?"

"Tun asuba, ɗiyata."

"Tun asuba har yanzu? Kullum haka kukai?"

Hajo ta yi lissafi da sauri. Idan ta ce da hantsi ake tashi, wa ya sani, ƙila a ce ai filin yini yake a banza, a yanke rabi a ba gidaje. Ta dubi turakun nan masu jan kai. Ta dubi matan da suka yi zuru zuru, fuska fara fat da ƙaiƙayi, wasu ko tsayuwa ba sa iya yi sosai. Shaida ce da ba za a sake samun irinta ba.

"Kullum ta Allah," in ji Hajo. "Yau ma da sauƙi."

Basira ta ƙware da yawu, sai da aka buga mata baya.

Hajiya Nusaiba ta koma ta ɗora fayil a kan mota ta yi ta rubutu, shafi ɗaya ya cika ta juya. Da ta gama ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. Ta ce ba za a gina gida ko ɗaya a nan ba, ƙaramar hukuma ta nemi wani wuri. Ta ce a tuge turakun yau yau, kuma za a shigar da filin a takarda a matsayin masussukar gari, yadda ko bayan ransu babu mai taɓa shi.

Guɗa ta tashi ta ko'ina. Hajo ta ji wani daɗi da rabonta da irinsa tun ranar da aka haifi jikanta na fari. Ta zauna a kan kifaffen turmi tana share ido da gefen gyale, tana dariya.

"Saura guda," in ji Hajiya Nusaiba, ta dafa kafaɗar Hajo. "Inna, hannun ga naki ya tsaya man a rai. A ce mata su yini hakanga kullum, tun asuba har la'asar? Akwai injunan sussuka da anka ware ma ƙauyukka, za ni sa sunan garinku a sama. Dami guda minti biyar, an gama. Kin bar wahala, in sha Allahu."

Guɗar da ta biyo baya ta ninka ta farko. Basira ta jefar da faifai ta shiga rawa, matan da ɗazu ba sa iya tsayuwa suka bi ta. Su da ke sussukar gidajensu, an sauke musu dutse daga ka. Hajo kuwa ba ta taya su guɗar ba. Ta san injin. Akwai shi a Kamarawa, kuma tana da ƙawa a can mai sana'a irin tata, wadda tun da ya sauka babu gidan da ya sake aika mata da ko zangarniya ɗaya.

"Mun gode, ɗiyata," in ji ta. "Allah shi yi albarka."

Direba ya nuna agogo, don hanyar ba wadda ake so yamma ta yi wa mutum a kanta ba ce. Mota ta juya. Mata suka kwashi ƙorai da buhuna suka nufi gida suna ta maimaita maganar tuwo da ofis, Maigari yana bayansu yana sauri ya je ya yi wanka.

Abdulrauf ya tsaya yana girgiza turakunsa yana tugewa. Hajo ta matsa kusa da shi kamar mai neman wani abu a ƙasa.

"Ɗana," ta ce a hankali, "zancen injin ga. Kai dai ka san alkawalin gwamnati. Ana hwaɗi na dai don a ji daɗi, ko?"

Abdulrauf ya miƙe, ya ga damar da zai wanke laifinsa ya faranta wa tsohuwa rai.

"A'a Inna, kwantar da hankalinki! Wagga ba irin waɗanda kinka sani ba ta. Abin da duk tar rubuta sai ya zo. Ni ka gaya miki, kahin azumi kin gan shi nan yana aiki."

"Madalla," in ji Hajo.

Ta koma wurin turminta. Akwai ragowar rabin dami na gidan wani Alhaji a jingine. Ta gyara ɗaurin tsumman hannunta, ta zuba zangarniya.

Basira ta waiwayo daga bakin hanya, ƙwarya a ka. "Ke Hajo, ba ki gaji ba? Bar shi sai gobe mana!"

"Tahi, ina nan tahe," in ji Hajo, ta ɗaga taɓarya. "Bari in ƙarasa, tun ana kawo man."