Gwangwani Mai Jan Murfi

Maigidana ya yi shekara ashirin da biyu yana goge fentin motocin mutane. Tasa motar tsohuwa ce, shuɗiya. Ya fara gyara ta kenan ciwo ya kwantar da shi. Ya gama gabanta da ƙofofin dama, bai kai ga na hagu ba ya rasu.

Ban yi karatu mai nisa ba, amma na san gwangwanayensa uku na man goge mota. Mai jan murfi cin fenti yake yi, sai inda mota ta karce sosai ake ɗiga shi kaɗan. Mai farin murfi shi ke fito da ƙyalli. Na uku kaki ne mai kare fenti, a ƙarshe ake shafa shi. Kuma ba a goge mota a rana, sai ƙarfe ya huce.

Sati biyar da rasuwar, ina wanke-wanke na ji ƙarar injin gogewa a tsakar gida. Na fito da kumfa a hannu. Ƙanin mijina ne. Ya turo motar cikin rana, ya lafta mai jan murfi a gabanta kamar mai yaɓen ɗaki, yana danna injin da duk ƙarfinsa.

"Kashe abin nan!" na ce.

"Matar yaya, aikinsa zan ƙarasa masa. Kullum kina kallonta kina kuka."

"Na aike ka? Da idonka nake kukan?"

Na fizge wayar daga bango. Inda ya danna injin, shuɗin ya tafi faɗin faranti, sai toka-tokan da ke ƙasa. A daidai wurin marigayi yake sa ni in leƙa fuskata, yana cewa, "Ga madubi na saya miki, ki shafa mini lafiya."

Na leƙa. Ban ga kowa ba.

"Ai duk mai ne," in ji ƙanin nasa. "Na ga wannan ya fi kauri."

"Kauri! Shekara nawa kana zuwa gidan nan kana cika ciki, ba ka taɓa tambayarsa me ke cikin gwangwani ba? Ga gefen hagu can yana jira, sai wanda ya gama ka ga damar ɓatawa!"

Ya ce zai kai wa mai fenti a sake fesa gaban gaba ɗaya. Na ce duk wanda zai rufe aikin mijina da wani fenti, sai dai ya fesa har da ni. Na karɓe makulli. Ya taya ni tura motar inuwa, ko sannu ban ce masa ba.

Washegari na wanke ƙofofin hagu, na goge su da mai farin murfi, da hannuna, da tsohuwar rigarsa mai laushi. Kwana huɗu na yi. Ƙyallin bai kai nasa ba.

Tabon gaban kuwa na bar shi, kaki kawai na shafa masa don kada ruwa ya shiga. Duk ranar da ƙanin nasa ya zo gaishe ni, a gaban tabon nake ajiye masa kujera.