Ramin da Rashidatu Ke Shiga

"Baba, gaskiya tsoro nake ji," in ji Khalidu, yana riƙe da kofin kokon da tsohon ya ƙi sha. "Idan na buɗe baki a gaban jama'a na faɗi abin da ba daidai ba fa?"

Baba Sulley ya dube shi daga kan kujerar robar da ake fitar masa ƙofar ɗaki kowace hantsi. Ciwon zuciya ya ramar da shi ƙwarai, amma bai taɓa harshensa ba.

"To diflomar taka ta ado ce?"

Khalidu maƙwabcinsa ne a wani babban gidan haya a unguwar Alabar ta Kumasi, ɗaki na kallon ɗaki, kuma shi kaɗai ne a gidan ya karanta aikin lantarki har ya sami takarda. Wannan ne ya jawo masa nauyin yi wa jama'a bayani. Rashidatu, 'yar Baba Sulley tilo, tana binciken kimiyya a ƙasar waje, sai ta yi kuskuren aiko hotonta sanye da hular kwano mai fitila, tana shirin sauka wani tsohon ramin ma'adinai. A Kumasi kuwa, sana'a ɗaya aka san mai irin wannan hula da ita. Kafin la'asar, daga Alabar har Krofrom an yanke hukunci cewa 'yar Sulley galamse take yi a Turai, tana haƙar zinare a ɓoye.

"Sake faɗa mini abin da ta gaya maka a waya," in ji tsohon. "A hankali."

Khalidu ya gyara murya. "Sunansa nutirino, Baba. Ƙwaya ce wadda ido ba ya gani. Rana ce ke zubo su ba iyaka. Suna ratsa kwanon rufi, su ratsa mutum, su ratsa ƙasa su wuce, da wuya su taɓa wani abu. Shi ya sa ake zuwa ƙarƙashin ƙasa a jira su, inda dutse ya tare sauran tarkacen da ke zubowa daga sama."

"Yanzu haka suna ratsa ni?"

"Suna ratsa ka."

"Ba sallama?"

"Babu."

"'Yan zamani ne," in ji Baba Sulley.

Khalidu ya ci gaba da bayani cikin taka-tsantsan: iri uku aka sani, kuma a kan hanya wani yakan rikiɗe ya zama wani. Babbar ƙa'idar masana ta ce ba su da nauyi, sai aka gano suna da ɗan kaɗan. Su Rashidatu kuwa suna neman ko akwai na huɗu, wanda ya fi sauran gudun mutane.

"Akwai shi ko babu?"

"Ba a tabbatar ba tukuna."

Hajiya Mamuna mai sayar da wake da shinkafa tana wanke tukunya a bakin famfo, kunnenta a wajensu. Ta saki soso.

"Ei, Khalidu! Ba a ganinsa, yana shiga jikin mutum, kuma yana sauya kama? A'uzubillahi! Ai gara galamsen, ɗana."

Abin da Khalidu ke tsoro ke nan tun farko. Kafin magariba labari ya sauya: 'yar Sulley ta bar zinare ta koma farautar aljanu.

Baba Sulley ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da numfashinsa ya dawo, ya kama hannun saurayin. "Ni na ƙare. Abu ɗaya nake so: kada in bar yarinyar nan da wannan suna. Ka tsaya a ƙofar masallaci bayan Juma'a ka gaya musu."

Khalidu ya ce to. Amma duk Juma'ar da ta zo sai ya ga bai gama shiri ba. Akwai kalmar da bai samo mata Hausa ba, akwai tambayar da liman zai iya yi masa. Tsohon ya daina tuna masa. Sabuwar al'adarsa ita ce ya shimfiɗa tafin hannu a rana, ya zuba masa ido.

"Me kake yi, Baba?"

"Tarko. Idan ɗaya ya maƙale a nan, ba sai ta dawo gida ta yi aikinta ba?"

A haka Hajiya Mamuna ta same shi wata Alhamis da hantsi, kansa ya langaɓe, hannun a buɗe. Aka yi masa sutura, aka kai shi bayan la'asar kamar yadda aka saba, tun Rashidatu na neman jirgi.

Da aka dawo daga maƙabarta aka zauna ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida. Alhaji Seini, ƙanin mamacin, ya karkata wajen na kusa da shi, amma da muryar da kowa zai ji.

"Ba za ta iya zuwa ba. Ko 'yan sanda ne suka riƙe ta, ko mutanen nata na ɓoye."

Wasu suka yi salati, wasu suka ƙunshe dariya. Sai kawai Khalidu ya ga ya miƙe tsaye.

"Kawu, ran addu'ar bakwai a ba ni makirufo. Rashidatu na hanya. Zan faɗi aikinta a gabanta, inda na yi kuskure ta gyara mini."

"Kai ɗin? Ka tabbata za ka iya?"

Khalidu ya leƙa tsakar gida ta ƙofar zaure. Ba wanda ya tuna ya shigar da kujerar robar, kuma sauran hasken yamma na kwance a kan hannun kujerar.

"Ba a tabbatar ba tukuna," in ji shi. "Amma zan yi."