Biznen Adda Laraba

Kalilu ne ya ba yayarsa Adda Laraba shawarar ta yi bizne, wato ta binne irin geronta a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Ta kuwa juye ɗan irin da ya rage mata a gonarta ta Kurawa. Sai aka yi yayyafi, irin wanda ke tada iri ya bar shi ya mutu, sannan sama ta ɗauke.

Tun ranar abinci ya fita ran Kalilu. Ya je gonar ya tsaya a kan ramukan, ya kasa tonawa. Daga nan ya buga wa ƙanensa Talha waya, mai koyar da kimiyya a garin Isa, don ya tuna wata hira da suka taɓa yi.

"Ba kai kac ce abu na iya zama iri biyu har sai an duba shi ba?"

"Yaya, ƙwayar zarra nike nufi, ba gero ba."

"Kai dai gaya mini."

"To, masanan ma ba su daidaita ba. Wasu sun ce dubawar ce ke yanke hukunci. Wasu sun ce duniya ke rabuwa biyu, kowace da nata sakamako. Wasu kuma sun ce abin ya riga ya tabbata, mu ne ba mu sani ba."

Kalilu ya yi ta juya maganar. In ta farko ce, yatsansa ne zai kashe irin. In ta biyu ce, ko wannan Addar ta tsira, akwai wata Addar a ɗaya duniyar da ya jefa cikin yunwa. In kuwa ta uku ce, alhakin ya hau kansa tun ranar da ya buɗe baki.

Yana nan tsaye Adda Laraba ta iso.

"Kalilu, gadin gonar aka ba ka?"

"Adda, kak ki tona. Ba mu san..."

"Shi ya sa za ni tonawa, sarkin tunani."

Ta durƙusa ta sa yatsa. Ramin farko irin ya bushe ƙayau. Ta matsa na biyu, sai ga farin tsiro ya lanƙwaso kai cikin danshi. Na uku ma haka, na huɗu ma haka. Ta mayar da ƙasa a hankali.

Kalilu ya zube zaune a kan kunyar gonar. "Alhamdu lillahi. Amma Adda, kafin ki tona, shin..."

"Tashi min bisa shuka," in ji ta. "In ka murƙushe shi, wannan kam kai ka kashe."