Saura Gwaji Ɗaya a Wayar Inna

Mai gyaran waya yakan gane waɗanda aka yi wa rasuwa tun kafin su buɗe baki. Su ne ke shigowa shago su uku su huɗu a kan waya ɗaya. Waɗannan ma haka suka shigo masa da hantsi: babban yaya a gaba da makullin mota a hannu, sai ƙanwarsa nas, ko kayan asibiti ba ta cire ba, sai autansu. Matar autan ta tsaya daga bakin ƙofa, kusa da kwalin tsofaffin caja.

Yayan ya ajiye wata baƙar waya a kan tebur, murfinta duk ya koɗe.

"Ta mahaifiyarmu ce," in ji shi. "Yau kwananta tara da rasuwa. So muke a buɗe mana."

"Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙuri."

Suka amsa da amin, nas ta yi masa bayani. Inna ba ta iya rubutu ba, sai saƙon murya. Kullum da safe kowa da nasa, minti biyar, minti bakwai, daga ciwon gwiwa zuwa labarin maƙwabta. Su kuwa kowa da hidimar gabansa, waya na cika sai a goge. Yaya ya ɗauka nas na ajiyewa, nas ta ɗauka auta na ajiyewa, auta kuma bai taɓa ajiye komai ba a rayuwarsa. Sai da aka rufe ta suka duba wayoyinsu, babu ko ɗaya. Duk duniya, muryar Inna a cikin wannan wayar kaɗai ta rage.

Mai gyara ya kunna, ya karanta abin da ya fito, ya janye hannunsa.

"Saura gwaji ɗaya cikin goma. In aka kuskure, komai na ciki zai goge. Wa ya sa mata wannan tsaron?"

"Ni ne," auta ya ce yana sosa ƙeya. "Saboda ɓarayi. Amma lambar ita ta zaɓi abarta, ban gani ba."

"Sannu da ƙoƙari. To wa ya cinye sauran taran?"

Da ƙyar maganar ta fito. Yaya ya sa shekarar haihuwarsa, ya juya ta, ya sake juyawa. Nas ta sa tata, ita ma ta juya ta sau biyu. Auta ya sa tasa har sau uku, wai ko yatsansa ne ya zame. Kowannensu ya sakankance shi ne ɗan gaban goshi, da shekararsa tsohuwa ke buɗe waya kowace safiya. Matar da ita kanta ba ta san shekarar da aka haife ta ba! Dariya ta zo wa mai gyara har wuya, ya haɗiye abarsa.

"Ba ka da na'urar da za ta fasa?" in ji yaya.

"Ina da ita. Za ta buɗu, amma fanko za ku karɓa."

Nan gardama ta tashi. Nas ta ce a gwada shekarar rasuwar babansu, yaya ya ce lambar gida, auta ya kai hannu zai ɗauka. Mai gyara ya dafe wayar da tafin hannunsa.

"Ku yi haƙuri. Ni ba lamba nake tambaya ba. Wa ke zama kusa da ita in za ta buɗe?"

Suka kalli juna, sannan suka waiwaya ƙofa. Shekara shida matar auta ce ke yi wa Inna wanka, ta ba ta magani, ta yanke mata farce. A kwana taran nan ba wanda ya tuna ya tambaye ta.

"Wallahi ban san lambar ba, Yaya," ta ce. "Ban taɓa lura ba."

Mai gyara ya ja aljihun tebur, ya zaro wata matacciyar waya mai girman waccan, ya miƙa mata.

"Ba sai kin sani ba. Zauna nan, ki riƙe yadda take riƙewa."

Ta zauna a bakin benci. Ta naɗe hannun dama a cinya, don na Inna ya daɗe da shanyewa. Ta ɗago wayar da hagu har kusa da hanci, ta kanne ido ɗaya, ta turo leɓe. Nas ta kau da kai da sauri, saboda Inna ce zaune sak. Babban yatsan matar ya sauka a wuri ɗaya, ta gefen hagu ƙasa-ƙasa, sau huɗu.

Mai gyara ya kai wayar Inna ƙarƙashin fitilarsa, ya karkata ta, ya duba da madubin ƙara girma. Gilashin kariyar ya dusashe a daidai wurin, kan bakwai.

"Bakwai sau huɗu," ya ce. "Amma ban rantse ba. Ni kuma ba zan danna ba, ba uwata ba ce."

Yaya ya matso, ya miƙa hannu, ya mayar da shi aljihu. Auta ya ja baya. Nas ce ta ɗauki wayar ta sa a hannun matar auta.

"Ƙanwata, ke danna. Ko me ya faru, ba mai ganin laifinki."

Ta danna sau huɗu. Wayar ta buɗe.

Saƙonnin suna nan reras, na shekara biyu da wani abu. Mai gyara ya ce kada kowa ya taɓa sai ya kwashe su zuwa wuri huɗu, amma yaya ya riga ya hango na ƙarshe. Nasa ne, kwana biyu kafin ta cika.

"Ban saurara ba," ya ce a hankali. "Ina cikin taro ya shigo, daga baya na haɗa shi da saura na goge."

Ya danna. Wata siririyar murya mai ɗan haki ta cika shagon.

"Babba, ni ce. Ba wani abu ba ne. An ce min kana tari, ka rage shan ruwan sanyin nan. Na san aiki ya yi maka yawa, ba sai ka kira ba, dama ji na yi ina son magana da kai. To shi ke nan. Wai ta ina ake kashe abin nan? 'Yar nan, zo ki kashe min."

Sai dariyar matar auta daga nesa: "Ki saki yatsa kawai, Inna."

Wani mai neman caja ya leƙo, mai gyara ya yi masa alama ya dawo anjima. Tausayinsu ya kama shi, abin da bai cika faruwa a shagon nan ba. Ya tura wa yayan kujerarsa ta aiki, mutumin ya zauna, makullin motar ya faɗi ƙasa bai ɗauka ba.

"Sake sa shi," ya ce.