Ranar da Merv Ya Sani

Lauyar ta ajiye biro, ta tambayi Merv Doolan yaushe likita ya fara gaya masa cewa ƙurar asbestos, wani kayan gini da yake yankawa a wurin aiki, ta kama masa huhu. Matarsa Noeleen ta riga shi amsawa, kamar yadda ta saba shekara arba'in: watan jiya ne.

Lauyar ta ce to da sauƙi. Shekara uku doka ta ba mutum ya kai ƙara, kuma ba daga ranar da ya shaƙi ƙurar ake ƙirgawa ba, daga ranar da ya sani ne. In sun wuce sai dai a roƙi kotu, ita kuwa ba kullum take jin roƙo ba. Ta ƙara da cewa lauyoyin kamfanin da za a kai ƙara za su tono duk takardunsa na asibiti.

Merv ya ƙura wa taga ido. Shi irin tsofaffin kafintocin garin Fremantle ne, waɗanda ko zarto ya cire musu yatsa, in ka tambaye su sai su ce ba komai. Noeleen ta daɗe tana alfahari da wannan hali. Yau shirunsa tsoro ya ba ta.

A hanyar gida ya ce ta tsaya a bakin kogi. Ta kashe mota.

"Ba watan jiya ba ne," ya ce. "Shekara huɗu ke nan. Makon bikin 'yarmu."

"Ka ce mini gwajin ido ka je."

Ya ce bai so ya ɓata biki ba. Bayan biki kuma ya yi ta neman ranar da ta dace, bai samu ba.

"Kai tsoho, ka cuce mu," ta ce. "Ka kwanta kan maganar nan kamar kaza kan ƙwai?"

"Nawa lokacin ya wuce, Noeleen. Naki ne bai fara ba."

Ba ta gane ba, sai da ya tuna mata. Shekara talatin ita ke kakkaɓe kayan aikinsa a bayan gida kafin ta wanke, ƙurar tana sauka fari fat a gashinta. Tun lokacin sanyi yake jin yadda take haki in ta hau bene. Ya riga ya sa mata ranar hoton ƙirji, Alhamis da ƙarfe goma.

Ta riƙe sitiyari da hannu biyu, ta kasa kallonsa.

"Duk abin da suka gaya miki," ya ce a hankali, "ki rubuta ranar."